Kunnuwan Bisko

Tun da na dawo daga Faransa ban huta ba. Duk wanda ya tsayar da ni, a biro wajen aiki ko a bakin masallaci ko a kasuwar Mayahi, tambayarsa ba ta wuce biyu: da gaske ne sanyin, kuma da gaske ne da kare na tafi. Har na fara jin labarin ya yi ƙiba a bakin wasu. Wai a cinyata na riƙe shi cikin jirgi, wai kwano ɗaya muka ci. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, iyakar abin da na gani, inda ban tabbata ba kuma in ce ban tabbata ba. Za ku ga wuraren da ban tabbata ba sun fi yawa.

Ni ma'aikacin gidan dabbobi ne, mai yi wa shanu allura da duba nama a mahauta. Mutane na ce mini Likita, ko da yake takardata ba ta kai nan ba, kuma nakan gaya musu. Shekara huɗu na yi aiki ƙarƙashin wani Bafaranshe, Mushe Andire, wanda ya zo gina rijiyoyin makiyaya. Mutum ne mai ƙiba da babbar murya, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Yana da kare mai suna Bisko, wanda ya tsinta yana ɗan kwikwiyo a wani ƙauye arewa da mu. Wato karen ƙasarmu ne, ja, kamar kowane kare. Abin da ya raba shi da ƴan'uwansa shi ne yana shiga gaban mota, yana kwana ɗaki, yana cin naman gwangwani.

A shekarar farin nan, lokacin da ake rabon jar dawa a gaban gidan sufurefe mai mulkin gundumarmu, sai Mushe Andire ya yanke jiki ya faɗi a bakin wata rijiya, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka kwashe shi zuwa Maraɗi, daga nan aka wuce da shi gida. Matarsa ta bi shi da akwati ɗaya. Kare ya rage a hannun maigadinsu, Baba Nomau.

Bayan wata biyar sai ga wasiƙa daga Madam, matar tasa. Ta ce an karɓe ni horon wata shida a makarantar kiwo ta garinsu, abin da Mushe ya nema mini tun kafin ya faɗi. Ga tikitin jirgi, ga littafin lafiyar Bisko. Abu ɗaya suke roƙo: in zo da shi. Ta ce mijinta bai cika magana ba yanzu, amma sunan karen yana fita daga bakinsa.

Na tafi wajen Baba Nomau. Na tarar da shi a gindin gawo yana tufkar igiya, babu kare kusa da shi.

“Baba, ina Bisko?”

“Shina nan lafiya lau. Shina Isawan.”

“Me ya kai shi Isawan?”

“Likita, da mi zan ciyar da shi? Gwangwanin nasara ya ƙare tun sati na biyu. Na kai shi wajen ƙanena, shi mafarauci ne, ko ɓera suka tono ya samu.”

Washegari na goya shi a babur muka tafi. Ƙanen ya tarbe mu da ruwa, ya yi fito, sai ga karnuka uku sun fito daga ƙarƙashin rumbu. Duka jajaye, duka haƙarƙarinsu a waje, duka kuma an yanke musu kunnuwa har gindi, yadda mafarautanmu ke yi don kada kare ya bar wa ƙaya ko dila abin kamawa. Na buɗe littafin Madam. Ya ce: namiji, ja, farin tabo a ƙirji, kunnuwa dogaye masu faɗowa.

“Wa ya yanke masa kunne?”

Ƙanen ya ce, “Ni, da hannuna. Kare ya zo gidana da kunne kamar tunkiya, in bar shi mutane su yi mini dariya? Ai gata na yi masa.”

“To wanne ne a cikinsu?”

Baba Nomau ya nuna na tsakiya. A daidai wannan lokacin ƙanen ya fara nuna na hagu, sai ya mayar da hannunsa ya sosa gemu. Ban ce da gangan ya yi ba. Mai yiwuwa gemun ne ya yi masa ƙaiƙayi. Na duba ƙirjinsu: biyu suna da farin tabo. Na kira “Bisko!” Duka ukun suka zo, amma gurasa ce a hannuna.

A nan ne na gane abin da ya kamata in ji kunyarsa. Shekara huɗu ina shiga mota ɗaya da karen nan, ina tattare rigata don kada ya taɓa ta, ina kau da kai idan ya lashi fuskar maigidansa. Na san saniyar kowane Bafillace daga nesa, na san wadda ta yi ɓari bara. Amma ban taɓa duban fuskar Bisko ba. Baba Nomau ma, da ya ba shi abinci kullum, ina zaton daga nesa yake tura kwanon da ƙafa. Wa ke tsayawa ya ƙare wa kare kallo?

Na ce, “Baba, don Allah ka rantse.”

Ya ce, “Subhanallahi. In rantse a kan kare?”

Haka muka ɗauko na tsakiya. Ƙanen ya ɗaura masa laya a wuya, ya ce ta hanya ce.

Wata guda na riƙe shi a bayan gidanmu, saboda allurar ciwon hauka sai ta kwana biyu a jiki kafin a yarda da ita. Cikin watan nan babu gwajin da ban yi ba. Na yi masa Faransanci na ce ya zauna: wani lokaci ya zauna, wani lokaci ya tafi, wani lokaci dama a zaune yake. Na kai shi gaban tsohuwar motar Mushe: ya shinshina taya ya ɗaga ƙafa. Na samo naman gwangwani daga Maraɗi: ya cinye har ya lashe gwangwanin, amma a shekarar nan ba na jin akwai karen da zai ƙi, ko mutum ma. Inna tana kallona daga ƙofar ɗakinta. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

“Kai wannan. Karatun da aka kwashe ka aka kai Yamai, na wannan ne?”

“Inna, amana ce.”

“Mutane na kai iyayensu Makka, kai kana kai kare ƙasar nasara. Kar ka taɓa mini tulu sai ka yi wanka.”

Sai maganar sa hannu. A ƙarshen littafin akwai wurin da ma'aikacin dabbobi na yanki zai shaida cewa dabbar da ya duba ita ce wadda aka siffanta. Ma'aikacin nan ni ne. Wanda bai yi aikin gwamnati a zamanin masu kaki ba ba zai san nauyin wannan ba. Mutum kan kwana da aikinsa, ya tashi ya ji sunansa a rediyo cikin waɗanda aka sallama, saboda takarda ɗaya. Kwana biyu ina juya alƙalami. Daga ƙarshe na sa hannu, amma na ƙara a gefe da ƙananan baƙaƙe: “Dabbar da aka gabatar mini, bisa maganar maigadi, ana kyautata zaton ita ce. Kunnuwa sun canza.”

A gidan sufurefe, sakataren da zai buga mini takardar izinin fita ya tsaya da yatsunsa a kan na'ura.

“Karen nan cikin aikin gwamnati yake ko na ƙashin kai?”

Na ce ina ganin na ƙashin kai ne, ko da yake ba nawa ba ne.

“In na ƙashin kai ne ba zai shiga takardar ba. In bai shiga takardar ba jandarma za su ce kaya ne. In kaya ne sai ka ga duwan, masu karɓar harajin kaya.”

Ya yi tunani, ya buga: “Mai rakiya: ɗaya.” Ban san har yau ba ko ni nake rakiyar kare ko shi yake rakiyata.

Kafinta ya yi mini akwatin katako mai ramuka. A tashar Mayahi fasinjoji suka ce ko su ko kare. Direba ya raba gardama ya ɗora akwatin saman mota tare da awaki biyu, ya ce awakin su ne za su yi ƙara in suna da magana. Duk ramin da muka faɗa sai in leƙa ta taga in duba sama, har wata tsohuwa ta ce, “Ɗana, in uwarka ce a sama ka faɗa mana mu yi mata sannu.”

Daga Maraɗi muka hau babbar mota zuwa Yamai. Ban ƙidaya shingayen jandarma ba, amma na tuna na kusa da Madawa. Jandarman ya karɓi takarduna ya mayar mini ba tare da ya karanta ba, sannan ya buɗe littafin Bisko ya zauna a kan benci. Littafin ya fi nawa hatimi nesa ba kusa ba. Ya sa aka sauko da akwatin.

“Takarda ta ce kunnuwa dogaye. Ina kunnuwan?”

“Shef, an yanke.”

“Da izinin wa?”

“Al'ada ce, shef. A ƙauye aka yi.”

“Kai ka sa hannu nan?”

“Ni ne, amma in ka duba gefe, na yi bayani.”

Ya karanta bayanin sau biyu yana motsa leɓe. Ya kira abokin aikinsa ya karanta masa da ƙarfi. Fasinjoji arba'in suna cikin rana suna saurare.

“Ana kyautata zato! To mu ma muna kyautata zaton kai ne Isuhu. In an yanke maka kunne mu bar ka ka wuce?”

Na ce ban san abin da doka ta ce game da wannan ba. Har na fara jin sunana a rediyo. Abin da ya cece ni shi ne tsohuwar nan, wadda ita ma Yamai za ta. Ta leƙo ta taga ta ce, “Haba ɗan nan, karen nasara ne fa, nasara shina kwance ba lafiya. In ya mutu a shingenka kai za ka rubuta.” Jandarman ya dubi akwatin, ya dubi littafin, ya ga akwai rubutu a gaba. Ya miƙo mini ya ce mu ɓace.

A Ƙonni aka tsaya cin abinci. Bakin hanya cike yake da mutanen arewa da fari ya koro, suna zaune ƙarƙashin itatuwa da tabarminsu da ƙoren nonon da babu nono. Na sayi tsire, na zagaya bayan wani bango da akwatin don kada a gan ni. Ina cikin cire naman daga tsinke sai na ga wani dattijo Bafillace a inuwar bangon, sandarsa a kafaɗa, yana kallona tun farko.

“Sannu, malam. Wannan ina za shi?”

“Faransa, baba.”

“Cikin jirgin sama?”

“I.”

Ya daɗe yana duban karen. “Me ya iya?”

Na ce iyakar sanina bai iya komi ba.

“Ikon Allah. Ni garke guda na rasa tsakanin Dakoro da nan, kowace da sunanta, babu wadda aka yi wa takarda.”

Bai roƙe ni ba. Na miƙa masa tsiren, ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihu, ya ce na jikokinsa ne. Karen ya ci gurasa. Har muka isa Doso ina tunanin ko na ci amanar Madam, ina kuma tunanin da ban yi haka ba wace amana zan ci.

A Yamai na sauka gidan kawuna, Alhaji Mamman mai atamfa. Ya rungume ni a zaure, ya ga akwatin, ya ji motsi, ya sake ni.

“Ɗana, gidan nan naka ne. Amma mala'ikun rahama sun riga ka zama a cikinsa, ba zan kore su saboda baƙonka ba.”

Aka ɗaure karen a garejin wani bakanike a bayan layi. Kwana uku ina yini a can kan tsohuwar taya, saboda tsoron kada ya kwance. A birnin da karnuka jajaye ke yawo ko'ina, in ya ɓace zan koma zaɓe na biyu. Kawu yana aiko mini da tuwon shinkafa a garejin, kamar mai jinya a asibiti.

Babban likitan dabbobi na Yamai, wanda hatiminsa ne na ƙarshe, ya taɓa koyar da ni. Ya karanta bayanina na gefe, ya cire tabarau.

“Isuhu, har yanzu kana nan yadda na san ka. Wannan kare ne ko ba kare ba?”

“Kare ne, Dokta.”

“Yana da ciwon hauka?”

“Na yi masa allura da hannuna.”

“To abin da Faransa ke tambaya ke nan. Sauran tsakaninka da Allah ne.”

Ya buga hatimi a kan bayanin nawa daidai, har ba a iya karanta shi sosai. Ya ba ni ƙwayar barci in ba karen kafin tashi. A filin jirgi na dubi ƙwayar, na dubi haƙarƙarinsa, na ji tsoron kada ta yi masa yawa, na ba shi rabi. Da aka tafi da shi sai na fara tsoron rabin bai isa ba.

Kafin nan sojan da ke binciken kaya ya ga layar. Ya ce me ke ciki. Na ce ban sani ba, mafarauci ne ya ɗaura. Ya ce a buɗe. Na ce to, ya buɗe. Ya ce ni in buɗe. Muka tsaya muna kallon juna, shi da bindigarsa, ni da karatuna, babu mai son taɓa layar mafaraucin Isawan. Ya ce a wuce da shi.

Jirgin kansa ba ni da abin faɗa da yawa, domin hankalina yana ƙasa, inda aka ce ana ajiye dabbobi tare da akwatuna. Kusa da ni wani Alhaji ne mai fataucin fatu daga Damagaram, wanda ya saba da hanyar. Ya ga ina sunkuyawa ina kasa kunne ga daɓen jirgi, ya ga na tambayi ma'aikaciyar jirgin sau uku ko akwai iska a ƙasa. Ya dafa kafaɗata.

“Allah ya jiƙan rai, ɗan'uwa. Gawa kake rakiya?”

“A'a, Alhaji. Kare ne.”

Ya ɗauke hannunsa a hankali, ya goge a kujera. Bai sake kula ni ba sai da aka kawo abinci, a wani faranti mai ɗakuna kamar gidan haya, kowane ɗaki da loma ɗaya. Ya nuna mini da haɓa abin da zan bari. Na bar shi, na bar na kusa da shi ma don kada sun taɓa juna. Na ci burodi da wani cuku mai warin da ba zan siffanta ba.

A Pari aka raba mu layi. Ni ɗan sanda ya riƙe ni ya yi ta tambaya: ina za ni, wa ya gayyace ni, yaushe zan koma. Maganar komawar ya fi nanatawa. Da na fito na tarar da akwatin a wani lungu, wata ma'aikaciyar duwan ta durƙusa a gabansa tana magana da muryar da ake yi wa jinjiri. Yana raye. Na ce alhamdu lillahi a fili, ban taɓa zaton zan faɗe ta a kan kare ba. Matar ta buɗe, ta shafa kansa, sai hannunta ya tsaya.

“Wa ya yi masa wannan?”

Na fara bayanin mafarauta da ƙaya da dila. Ta dube ni yadda muke duban mai dukan uwarsa. Ta duba shafin allura kaɗai, ta buga hatimi, ta ce wa karen barka da zuwa. Ni ba wanda ya ce mini.

Na kwana ɗaya a wani gidan ma'aikata baƙar fata kusa da tashar jirgin ƙasa, inda mutanen Mali suka ba ni shinkafa da miyar gyaɗa, suka ba karen wuri a ƙarƙashin matakala, suka yi ta dariya har da hawaye. Abin da na gani a titi shi ne wannan. Mutanen can ba sa gaisuwa. Ka yi wa mutum sallama ya dube ka kamar ka nemi bashi. Amma in kana riƙe da igiyar kare, tsohuwar da ba ta amsa maka ba za ta tsaya ta tambayi sunansa, da shekarunsa, da abin da yake ci. Na ga kare da riga, na ga kare a gidan abinci a kan kujera. Kuma na ga abin da ba a faɗa mana a lakkwal, makarantar boko, ba: a garinmu kare bai isa ya yi kashi a ƙofar gida ba, can kuwa a tsakiyar hanyar siminti yake yi, mai shi yana tsaye yana jira kamar bafade. Ba na cewa sun yi kuskure. Wataƙila akwai dalilin da ban gane ba.

A jirgin ƙasa zuwa kudu ina ta shirya maganar da zan yi. Na tsara ta da Faransanci, na rushe, na sake tsarawa da Hausa. Wata zuciyar ta ce in yi shiru, in sun karɓa shi ke nan. Wata ta ce mutumin nan shi ya buɗe maka ƙofar nan, kuma ba shi da lafiya, ka kawo masa abin da ba ka tabbata ba ka ce ga shi?

Madam ta tarbe mu a tasha. Ta sumbace ni a kumatu biyu kafin in kauce. Ta durƙusa ta kira sunansa. Karen ya kaɗa wutsiya kaɗan, irin kaɗawar da yake yi wa kowa. Ta dubi kunnuwan, ta dube ni, ta ce, “Ya rame.” A mota ta buɗe masa ƙofar gaba, ya ƙi, ya shige ƙarƙashin kujerar baya.

Gidansu ƙarami ne, da ɗan lambu a gaba. A bakin ƙofa karen ya kafe ƙafafu. Na ja, ta lallashe shi, ta kawo nama, ya ƙi ƙetare dokin ƙofa. Na ce mata a ƙauyenmu karen da ya shiga ɗaki da muciya ake fito da shi, wata biyar ya isa ya koyi wannan. Ban ce mata wanda aka haifa a can ma haka zai yi ba.

Ta shiga, ta fito tana tura keken marasa lafiya. A ciki wani tsoho ne siriri, kansa fari fat, an lulluɓe shi da bargo. Na gaishe shi da ladabi, na ɗauka mahaifin Mushe ne, na ci gaba da duban ƙofa ina jiran Mushe Andire ya fito da muryarsa. Sai tsohon ya ce, da rabin baki, “Likita.”

Ban san abin da fuskata ta yi ba. Na durƙusa na kama hannunsa mai rai.

Karen ya matso. Ya shinshina bargon, ya shinshina hannun da ya mutu, ya zagaya keken, ya kwanta kusa da taya. Bai yi tsalle ba, bai gudu ba. Mushe ya sauke hannunsa ya laluba kansa, ya tarar da gindin kunnuwan, ya daɗe yana murza su da yatsa.

Na yi maganar da Hausa, don kada Madam ta ji.

“Mushe, amana ce, dole in faɗa maka. Baba Nomau ya kai shi Isawan saboda yunwa. Na tarar da karnuka uku iri ɗaya, an yanke musu kunne duka. Baba ya ce wannan ne. Ni ban sani ba, domin ban taɓa dubansa da kyau ba. Mai yiwuwa shi ne. Mai yiwuwa ba shi ba ne.”

Bakinsa ya yi ta motsi kafin magana ta fito.

“Kai. Ka gane ni?”

Da na iya ƙarya a nan zan yi ta. Na ce, “Ban gane ka ba, Mushe.”

Rabin fuskarsa ya yi dariya. Hannunsa bai bar kan karen ba.

“To. Ni ma ba ni ba ne. Bar mini shi.”

Madam ta tambaye ni me ya ce. Na ce ya ce ya karɓa. Ta juya mana baya ta yi kamar tana gyara wani fure. Daga baya ta gaya mini tun da ya faɗi bai haɗa magana mai tsawon wannan ba, da kowane harshe.

Wata shida na yi, duk Lahadi ina zuwa gidan. Har na baro karen bai shiga ɗaki ba, saboda haka kullum da safe sai a turo Mushe waje, ko da sanyi, su zauna a lambu. Ya yi ƙiba, karen nake nufi. Da takardata ta ƙare na dawo, kamar yadda na yi wa ɗan sandan Pari alkawari. Shi karen, tasa takardar ba ta ƙarewa.

Da na iso Mayahi na je gaida Baba Nomau, da niyyar in tsare shi ya gaya mini gaskiya, tunda yanzu ba abin da za ta ɓata. Bai tambaye ni sanyi ba, bai tambaye ni jirgi ba.

“Likita, ya karɓa?”

“Ya karɓa, Baba. Amma ina so in sani...”

“To shi ne.”